Zuwa ga Inna, a kan maganar Auta

Bradford, Ingila

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar taku, ta yi sauƙi? Ina gaida Goggo da su Kawu da duk mutanen Ƙofar Doka. Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai, shi ma ya fara sassautawa.

Ranar Talata na turo naira dubu 180 ta asusun Auta. Kuɗin tafiyarta Abuja ne, mota da jirgi da abinci da ɗan abin da za ta riƙa wa Anti. Ba na gyaran kwanon ɗaki ba ne, wannan zan turo daban kafin ruwa ya sauka in Allah ya yarda. Kuma don Allah kada a ba mutumin nan da Kawu ya kawo ko sisi.

Goggo ce ta fesa mini, kada ku ga laifinta. Ta ce tun ranar da saƙon gayyatar intabiyun tallafin karatu na Chevening ya shigo Auta ta daina cin abincin kirki, ba ta barci, har tana cewa ita ta fasa. Sai ga wani ya zo zaure da babbar riga wai ya san mutane a ofishin jakadanci, a ba shi dubu 100 ya gyara magana. Inna, ƙarya ce tsagwaronta. Chevening tallafin gwamnatin Birtaniya ne, tun 1983 ake bayar da shi, ba a biyan ko kwabo wajen nema. Mutumin ya ga yarinya a tsorace ne ya zo cin kasuwa. Ba raina Kawu na yi ba, na san da kyakkyawar niyya ya kawo shi, amma ku ba shi haƙuri, ku ce ni na hana.

Auta, na san ke ce mai karanta wa Inna, to kada ki tsallake wannan wurin.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a gida ba. Intabiyuna na farko a Abuja, wanda na dawo na ce muku ba a fito da sakamako ba, an fito da shi, faɗuwa na yi. Kwat na aro wurin wani abokina a Samaru, hannunta ya rufe mini yatsu. Sati biyu ina haddar amsoshi kamar mai shirin wanke allo. Ina zama suka jefo tambayar da ba ta cikin haddata, sai kaina ya ɗauke ɗif kamar wuta. Sunan kwas ɗin da na cike da hannuna ma ya ɓace mini. Na ɗauki kofin ruwa in sha, hannu na rawa, rabi ya zube a kan takarduna. Wata mata daga cikinsu ta miƙo mini abin gogewa ba ta ce komai ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekarar da ta biyo na koma, gaban bai daina faɗuwa ba, amma na bar hadda, na ba su labarin abin da na yi da hannuna. Ga ni nan.

Goggo ta ce kina kuka wai za su tambaye ki shugabanci ke kuma ba ki taɓa shugabantar kowa ba. To darasin Asabar da kike yi wa 'yan mata a zaurenmu mene ne? Da yara huɗu kika fara, yanzu sai an aro benci daga Islamiyya. Wa ya bi gida gida yana lallashin iyaye su bar su su ajiye tallan na awa biyu? Shi za ki faɗa: ga matsalar da kika gani, ga abin da kika yi, ga abin da ya fito. Ki sake karanta abin da kika rubuta musu a fom, daga nan yawancin tambayoyin ke fitowa. Ki san dalilin da ya sa kika zaɓi kwasa-kwasan nan uku, da abin da za ki yi da karatun in kin dawo Zariya.

Sai maganar ido. Inna ta yi mana tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya, Allah ya saka mata, amma a ɗakin nan in kika kafa ido a ƙasa ɗauka za su yi ba ki yarda da abin da kike faɗa ba. Ki dubi wanda ya yi tambayar. In ba ki ji ba ki ce a maimaita, ba laifi ba ne. In kai ya ɗauke, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi, ki kurɓi ruwa, kofin dai da hannu biyu. Shirun da ke za ki ji kamar shekara, su ko lura ba za su yi ba. Kafin ki shiga ki karanta addu'ar Annabi Musa ta cikin suratu Ɗaha, ta buɗe ƙirji da warware harshe. Shi ma da aka aike shi gun Fir'auna sai da ya roƙi wannan.

Ki tafi ana gobe, kada ki ce sammako za ki yi daga Zariya. Ki shiga mota zuwa Kaduna, ki hau jirgin ƙasa a Rigasa, ki sauka Kubwa ki kwana gidan Anti, na riga na yi mata magana. Tikiti ki saye shi da wuri. Fasfo a jaka tun dare. Ki karya kumallo ko ba kya so.

Inna, na san abin da ke ranku ko ba ku faɗa ba. Digiri na biyu shekara ɗaya ne, kuma sharaɗinsu ne ta dawo gida ta yi aƙalla shekara biyu. Ba irin tawa tafiyar ba ce da Sallah uku ta wuce ban durƙusa gabanku ba. Ni ya kamata in riƙe mata jaka har ƙofar wurin, yadda marigayi Baba ya raka ni tashar Kwangila. Wani lokaci in na taso aikin dare ina jiran bas sai abin ya tsaya mini a rai. Amma fa a nan duk wanda na sani sai da na gaya masa an kira ƙanwata, cikin dubban da suka nema.

Ranar Asabar zan kira ta WhatsApp da ƙarfe tara na dare agogonku, nan takwas ke nan. Auta ta sa kayan da za ta sa ranar, ta zauna a kujera, ni zan zama mai tambaya, kuma ba zan raga mata ba. Ku zauna kusa, Inna, in ta sunkuyar da kai ku yi gyaran murya.

Kuɗin nan dai na Abuja ne. In mutumin ya dawo a ce masa ba na nan, ni ke da maganar. In an samu mai zuwa a aiko mini da kuka da daddawa, tawa ta ƙare tun watan jiya.

Ku sa mu a addu'a.

Ɗanku