Wasiƙar Zango ga Iyaye: Yadda Muke Koyar da Zane da Ba da Maki

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Ya gida, ya hidima? Allah ya ƙara rufin asiri.

A taron iyaye da malamai da ya gabata, wasunku sun yi ƙorafin cewa yaro ya kawo zane mai ban sha'awa, amma makinsa bai taka kara ya karya ba. Ga bayani.

Daga SS1 zuwa SS3, idon ɗalibi muke horarwa kafin hannunsa. Malama takan ajiye buta da kwano da albasa a kan tebur, ta ce a zana abin da aka gani. Wajen duba aiki, ana lura da ko tsawon buta ya dace da faɗinta, ko an gane ta ina haske ya shigo da inda inuwa ta kwanta, sannan yadda aka zaunar da kayan a kan takarda, ba a cusa su a lungu guda ba. Wanda ya kwafo hoto daga waya yakan fito da abu mai ƙyalli, amma idan aka ɗora masa tulu a gaba sai ya rasa ta inda zai fara. Shi ya sa muke karɓar littafin zanen kowa duk mako, har da shafukan da aka ɓata. Kada a yage su, don a nan ake ganin ci gaban yaro.

Game da zanen mai rai kuwa, wanda wasu iyaye suka nuna damuwa a kai: a jarabawar WAEC ɗalibi yana da zaɓi tsakanin zanen kayayyaki, ko tsirrai da makamantansu, ko mutum. Ba ma tilasta wa kowa na ƙarshen.

Abin da muke roƙo a gida kaɗan ne. A sayo fensir 2B da 4B da magogi mai taushi, kuma a bar yaro ya yi minti ashirin yana zana abin da ke gabansa, ko da barkonon da aka sayo a kasuwar Mile 12 ne. Ba shiririta ba ce. Masu son karatun zane a Yabatech (kwalejin fasaha ta Yaba, Legas) ko ABU Zariya da wannan za su fara.

'Yan SS2 za su ziyarci gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a wannan zangon. Takardar izini tana jakar kowane ɗalibi, a sa hannu a dawo da ita kafin Juma'a.

Wassalam,
Hukumar Makaranta, Agege