A kawo mana allurar rigakafin mura Zango

Assalamu alaikum Malam Edita,

Daga Aboabo nake rubuto maka, a nan Kumasi, kuma maganata a kan muran nan ce mai zazzaɓi da likitoci ke kira infuluwenza, wadda mu 'yan Zango muka raina. Da zarar damina ta kama sai ka ji gida guda kaf ana tari, jiki na ciwo, mutum ya kwanta ko kokon safe ba ya iya sha, sai a ce ai maleriya ce, a aiki yaro kemis ya sayo maganin maleriya da kafso ja da rawaya, ba gwaji ba komai. To kafson nan ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan, don bairos ce, asarar sidi kawai ake yi.

Wanda ya manta ya tuna da ƙarshen 2017. A Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, nan bayanmu, ɗalibai huɗu suka rasu cikin 'yan kwanaki, gari ya ruɗe, wasu na cewa aljannu ne wasu na cewa sanƙarau, iyaye suka riƙa kwashe 'ya'yansu, har sai da cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi da ke Legon ta gwada ta ce mura ce nau'in H1N1. Bayan nan ne aka kawo allura aka yi wa ɗalibai. Yara matasa masu jini a jika ke nan fa, ina ga kakarmu mai hawan jini da suga wadda ke kwana ɗaki ɗaya da jikoki biyar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara mutane 290,000 zuwa 650,000 ne muran nan ke kashewa a duniya.

Kuma ku dubi zamanmu. Gidan haya famfo ɗaya, torotoro a cushe daga Kejetia an rufe gilas saboda ruwa, makarantar allo yara kafaɗa da kafaɗa, ga suna ga aure ga addu'ar bakwai, kowa sai ya yi musabaha da kowa. Zumunci ne, Allah ya bar mu da shi, amma mutum ɗaya ya yi atishawa ya raba wa layi guda.

Wasu na cewa me ya sa ake yin allurar mura kowace shekara, ba kamar ta ƙyanda ba? Ƙwayar ce ke sauya kama, shi ya sa ake sake haɗa allurar a kan nau'in da ke yawo. Allurar na ɗaukar kamar sati 2 kafin ta fara aiki a jiki, kuma gaskiya ba ta hana kowace mura, sai dai ko ta kama ka da wuya ta kai ka gadon asibiti. Hannu zai ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Masu ciki, yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tsofaffi, masu asma da ciwon zuciya da suga, da nas-nas ɗinmu, su ya kamata a fara da su. Alhazanmu ma Saudiyya na ba su shawarar yin ta kafin tafiya, amma yawanci ta sanƙarau kawai muke kulawa da ita don ita ake duba wa kati.

Abin da ke damuna shi ne allurar muran ba ta cikin alluran kyauta da ake yi wa yara a wurin awo, sai ka nemi asibitin kuɗi, mai sayar da waake kuwa ina ta ga wannan? Ina roƙon Hukumar Lafiya ta Ghana da 'yan majalisarmu su duba, ko da tsofaffi da masu ciki ne a fara kawo musu unguwa kafin ruwa ya sauka. Limamanmu kuma don Allah ku saka ta a huɗubar Juma'a, ku ne dattawanmu ke jin maganarku.

Naku,
Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi