Mutanen Gwammaja fa, ba mutane ba ne?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi shirinku na daren jiya ya ɓata min rai. Kusan rabin awa kuna maganar jirgin da ya faɗo a Kano ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, an ambaci Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku ya fi sau nawa, an ce jirgin daga Jos ya taso ya yada zango Kano zai wuce Legas, har samfurinsa BAC 1-11 baƙon naku ya faɗa, amma mutanen da jirgin ya tarar a cikin gidajensu sai kawai aka ce "da wasu a ƙasa". Wasu? Haba Malam.

Ni a Gwammaja na tashi. Ranar ina zaure wajen azahar muka ji wata ƙara kamar ƙasa ta tsage, kafin ka ce kwabo hayaƙi ya rufe unguwa, mata na ta salati, mu samari muka yi ta jan bokiti da hannu muna yaye kwanon rufi mai zafi. Maƙwabciyar gwaggona tana tsakar gida tana girki, ba ta taɓa sayen tikiti ba, ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba ta taɓa shiga ba, a tabarma aka kwashe ta. Har yau in jirgi ya yi ƙasa-ƙasa gwaggo sai ta dafe ƙirji.

Kuma da aka zo batun bincike mai gabatarwa ya ce ƙaddara ce ya wuce. Eh mun yarda da ƙaddara, amma ai masu bincike sun ce jirgin ya zarce ƙarshen titin tashi, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa yin sama. Bayan haka gwamnati ta dakatar da irin jiragen nan. To me ya hana ku faɗa? Ko ku aiko ɗan rahoto ɗaya unguwar, ga ta nan kusa da ku, dattawan da suka yi wa gawarwakin salla wasunsu suna raye.

Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin basir ɗin nan a tsakiyar shiri, ana maganar rasuwa sai a yanke a sa mana kiɗa. Lambar wayar da kuke bayarwa ma na kira har kuɗina ya ƙare ba a ɗauka ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mai sauraronku daga Gwammaja, Kano.