Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu tsofaffin 'yan wasa, 'yan uwa kociyoyi, da iyayen yara da ke cikin wannan ƙungiya tamu ta masu horar da 'yan tsere da masu ɗaga ƙarfe a nan Kaduna. Ciyaman ya ce in rubuto rahoton tun kafin janar mitin don kowa ya karanta a gida. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai zo da shi da rasit ɗinsa, ni nawa bayanin aiki ne.

Kun dai tuna abin da ya sa muka canza tsari a farkon shekara. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 Najeriya ta tafi da 'yan wasa 88 muka dawo ko tagulla babu, alhali an amince da naira biliyan 12 na Olamfik da gasar masu buƙata ta musamman a haɗe. Su kuwa masu buƙata ta musamman sun dawo da lambobi 7, biyu na zinare. To a zaman da muka yi kan wannan aka yi ta muhawara, wasu suka ce kuɗi ne bai isa ba, Malam mataimakin ciyaman ya ce a'a, kuɗin da ya zo ana gobe tafiya tikiti da otal da alawus kawai yake biya, ba ya ƙara wa yaro gudu, ba a kiwon akuya ranar kasuwa. A kan wannan muka tsaya, cewa tawagar ƙasa daga irin yaranmu ake haɗa ta, kuma namu aikin shi ne duk ranar da aka kira yaro sansanin horo kar a same shi da wata matsala da mu ya kamata mu gyara tun a gida.

Shi ya sa aikin da ya fi cin mana lokaci bana ba na fili ba ne, na takardu ne. Kwamiti ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, takardar haihuwa, lambar NIN, fasfo ga waɗanda suka fara tasowa, kuma wallahi abin da muka gani ya ba mu tsoro, yaro ɗaya sai ka ga shekarar haihuwarsa a katin makaranta daban a NIN daban, sunan ma wani wuri Muhammad wani wuri Mohammed wani wurin an sa sunan kaka a madadin na uba. A gasar matasa ta ƙasa da aka yi a Asaba 'yan ƙasa da shekara 15 ake ɗauka, irin wannan kuskuren kaɗai ya isa a ajiye yaro a gefe yana kallo. Mun gyara na wasu, wasu suna kan hanya. Iyaye don Allah a daina rage wa yara shekaru, duk wanda muka gano ba za mu sa hannu a fom ɗinsa ba, mun riga mun yanke.

Wani zai ce takarda ai ƙaramin abu ne. Amma 'yar tserenmu ta Najeriya Favour Ofili ta cika sharaɗin gudun mita 100 a Faris amma ba a shigar da sunanta ba, ba ta yi gudun ba. A Tokiyo a 2021 'yan wasanmu 10 aka hana shiga gasa, ba don an kama su da ƙwaya ba, don ba a yi musu gwaji uku na ba-zata da doka ta ce a yi cikin wata 10 kafin gasa ba.

Maganar ƙwaya ta kawo mu kan bitar da muka shirya, wani likita ɗan ƙungiya ya yi mana kyauta Allah ya saka masa. Ya nanata cewa tun 1 ga Janairun 2024 tramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa, har wasu magungunan mura na kemis ma suna iya jawo wa ɗan wasa dakatarwa. Yanzu dokarmu kowane yaro ya ajiye kwalin duk maganin da ya sha ya nuna wa kocinsa.

Sai gasar tantancewa ta cikin gida. An yi, yara sun fito sosai har daga Zariya da Kafanchan, amma da agogon hannu muka ɗauki lokaci, kuma a gajeren gudu hukumar tsere ta duniya ba ta karɓar lokacin agogon hannu wajen neman gurbi, sai na na'ura. Don samun gurbi a Faris sai da namiji ya yi daƙiƙa 10.00 mace 11.07 a mita 100, ko ya shiga ta jadawalin maki na duniya, kuma ƙasa ba ta wuce mutum uku a wasa ɗaya. Don haka koci ya daina cewa yaronsa ya yi kaza a gudun asuba an ƙi ɗaukarsa, sai mun kai shi inda akwai na'ura, a nan ne kuɗin mota da masauki suka cinye rabi da kwatan abin da muka tara. Zaɓen waɗanda aka kai ma an yi ƙorafi, na sani, amma sakamakon a manne yake kowa ya gani, ba a ɗauki ɗan kowa ba.

Ziyarar makarantu da muka yi alkawari kaɗan aka samu yi. Walimar ƙarshen shekara kuwa mun soke ta, kuɗin ya tafi takalman gudu da abincin yara.

Neman tallafi ya yi tafiyar hawainiya. Mun kai wasiƙu kamfanoni, yawanci ƙwallon ƙafa suke tambaya, wani kamfani ya ce mu dawo in yaro ya ciwo lamba. 'Yan kasuwar da suka ba mu buhun shinkafa da ƙwai mun gode. Tun Oktoban 2024 da aka rushe ma'aikatar wasanni aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko muna sa ido mu ga ko kuɗin shiri zai riƙa fitowa da wuri, amma kar mu zauna jira, Kaduna da ya karɓi bikin wasannin ƙasa a 1977 da 2009 bai kamata a ce yaransa ba su da takalmi ba.

Abin da ke gaba: gasar Commonwealth a Gilasgo daga 23 ga Yuli zuwa 2 ga Agustan 2026, wasanni 10 kacal, babu kokawa babu tebur tanis, amma tsere da ɗaga ƙarfe suna ciki, wato ido zai dawo kan ɓangarenmu. Bayanta Olamfik ta Los Anjalis a 2028. Kwamiti na kawo shawara biyu a kaɗa ƙuri'a, a buɗe asusu daban na kai yara gasar da ke da na'ura, kuma kuɗin wata-wata ya riƙa shiga ta banki ba hannu da hannu ba. Waɗanda ake bi bashin kuɗin wata sun san kansu, a taimaka a biya kafin mitin. Ranar da wurin za a sa a guruf.

Sakataren ƙungiya