Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Ƙarshen Shekara

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ne amsar yawancin tambayoyin da za ku yi mini. Waɗanda suka biya cikakke bana ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Ni da ma'aji mun buga waya, mun aika saƙo, wasu har makarantunsu muka bi su. Amsar kullum ita ce a jira albashi. To, waɗanda suka biya ma albashin nan suke jira, kuma su ma da iyali a wuyansu.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne bitar da muka yi a hutun zango na biyu. Kun san dalilin shirya ta. Shekara da shekaru ana kiran malamai a koya musu rubuta umarnin kwamfuta, su dawo aji ba su yi amfani da ko layi ɗaya ba. Malamin da ke da aji cike maƙil, ga manhajar WAEC da NECO a gabansa, yaushe zai zauna neman waƙafin da ya ɓace a cikin umarni? Shi ya sa muka ce a gwada samfuri mai motsi a kwamfuta, wanda malami ko ɗalibi zai taɓa da hannunsa, ya canza abu ɗaya, ya ga abin da zai biyo baya.

Da safe mun fara da PhET, wato tarin samfuran kimiyya da lissafi masu motsi na Jami'ar Kolorado a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara ɗaya bayan ya sami kyautar Nobel a fannin fiziks. Kyauta ne, kuma in an sauke shi yana aiki ba intanet, shi ya sa muka raba shi a filashi. Wata malamar kimiyya ta haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, ƙwan ya kama. Sai ta cire ƙwan ta haɗa bakin batirin biyu da waya kai-tsaye, nan take wuta ta tashi a jikin batirin. Ta ce ta daɗe tana bayanin wannan haɗari da alli, yara na gyaɗa kai kawai. Malaman lissafi kuma suka koma gefe da GeoGebra, wani shirin kwamfuta na lissafi, suna jan maɓallin "a" a cikin y = ax², suna kallon lanƙwasar tana tsukewa, tana buɗewa, tana kifewa da zarar lambar ta sauka ƙasa da sifili.

Amma zaman la'asar ne ya fi. Da SageModeler, wani shirin kwamfuta na gina samfuri wanda ba ya buƙatar a rubuta umarni ko lissafi, kowane rukuni ya gina nasa samfurin madatsar ruwa ta Goronyo. Akwati ɗaya ruwan da ke kwance a madatsar, kibiya ɗaya ruwan da kogin Rima ke kawowa da damina, wata kibiyar ruwan da ake saki don noman rani. Wani dattijon malamin labarin ƙasa, wanda da safe ya ce shi kallo kawai ya zo, ya miƙe ya ce samfurin bai cika ba, an manta da ruwan da rana ke shanyewa a watan Afrilu, an kuma manta da yashin da ke cike gindin madatsa. Aka ƙara su, layin da ke kan allo ya sauya. Daga nan muhawara ta ɓarke kan ambaliyar 2010, har sai da ladan ya kira magariba. Duk wannan babu wanda ya rubuta layin umarni ko ɗaya, kuma tunanin da muke so yaro ya koya, wato me ke jawo me, shi aka wuni ana yi. Muna godiya ga shugaban makarantar da ya ba mu ɗaki, da mambobin da suka kawo kwamfutocinsu da man janareta daga aljihunsu. Allah ya saka da alheri.

Yanzu abin da bai yiwu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi alkawarin kai bitar Wurno da Gwadabawa da Tambuwal bai cika ba. Gaskiya ne ba mu je ba. Da me za mu je? Kuɗin mota, abincin malamai, hayar majigi, data, duk daga asusun da kuka sani za su fito. Majigin da muka ce za mu saya, farashinsa ya tashi kafin mu tara rabin kuɗin, kuma ba mu ga dalilin cin bashi da sunan ƙungiya ba. Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, har yau ba mu fita cikin gari ba, kuma wannan yana damuna fiye da duk mai ƙorafi.

Aikin mayar da rubutun wasu samfuran PhET zuwa Hausa shi ma ya tsaya, kuma shi ba kuɗi ya hana ba. Mutane da dama sun ɗaga hannu ranar da aka raba aikin, biyu kaɗai suka dawo da wani abu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu ba mu ganinsu sai ranar raba takardar shaida, kuma su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana. Haka rahoton gwaji a aji: mun roƙi duk wanda ya halarci bitar ya gwada darasi ɗaya da ɗalibansa ya rubuto mana ko shafi guda, ƙalilan ne suka turo, alhali da shi za mu nemi tallafi.

Duk mai bashin kuɗin wata ya ga ma'aji kafin taro na gaba. A taron za a yanke shawara kan sunayen da suka shekara ba biya ba halarta, sannan a zaɓi wanda zai karɓi aikin Hausar. In kuɗin ya shigo, da Wurno za mu fara, in sha Allahu.

Wassalam.
Sakatare