Zuwa ga Inna, tare da saƙo ga Auta kan karatunsa

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ya ƙarfin jikin Baba? Ki gaishe mini da shi, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Sanyi ya shigo, amma ɗakin gwajin da nake aiki akwai ɗumi, kada ki sa damuwa a ranki. Aikin dare nake yi yanzu, shi ya sa wani lokaci kuke kira ba ku same ni ba.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya, kashi biyu ne. Ɗaya na maganin Baba, ɗayan na Auta: kuɗin malamin darasi, littafin kemistiri, da kalkuleta irin ta lissafin kimiyya. Don Allah Inna, na Auta kada a taɓa, kada a ranta wa kowa. Na ji abin da ya faru da na wancan karon a hannun Kawu. Ban ce komai ba domin babba ne, amma wannan kada ya bi ta wurinsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta doguwar takarda shi ne labarin da ya iso ni, wai Auta ya faɗi gwajin kemistiri har yana cewa zai bar ajin kimiyya. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Kullum ina nan cikin sinadarai ina yi wa wasu aiki, ƙanena kuwa babu mai zaunar da shi ya nuna masa. Abin yana ci mini rai. Daga nan zuwa ƙasa nasa ne, a miƙa masa ya karanta da biro a hannu.

Auta, Yaya ta turo mini hoton takardar gwajinka, na bi ta layi-layi. Kanka yana ja, hadda ce ta kayar da kai. Ka haddace lambobi ba ka san daga ina suka fito ba, shi ya sa da malami ya juya tambaya sai ka ɓata.

Mu fara da haske. Yana tafiya a matsayin igiya, gudunsa a sarari mita 3.00 × 10⁸ ne a sakan ɗaya, shi ake rubutawa c. Tsawon zango, λ, shi ne nisan da ke tsakanin tudun igiya da na bayansa. Yawan kaɗawa, ν, shi ne adadin igiyoyin da ke wucewa a sakan ɗaya. Tunda c = λν kuma c ba ya canzawa, idan zango ya gajarta dole kaɗawa ta ƙaru. A 1900 Max Planck ya kawo E = hν, inda E yake kuzari, ana auna shi da jul (J), h kuma yake 6.626 × 10⁻³⁴ J s. Ke nan gajeren zango shi ne mai yawan kuzari. Idonmu yana ganin zango daga wajen nanomita 400, ɓangaren shunayya, zuwa 700, ɓangaren ja (nanomita ɗaya mita 10⁻⁹ ne).

Ga inda ka zubar da maki a tambaya ta biyu. An ba ka nanomita 500, sai ka raba c da 500 kai tsaye. Sai ka fara mayar da shi mita: 5.00 × 10⁻⁷. Sannan ν ya zama 6.00 × 10¹⁴, kuzarin foton ɗaya, wato ƙwayar haske guda, kuma 3.98 × 10⁻¹⁹ J. A kan kalkuleta ka danna 5, sai EXP, sai −7. Idan ka danna 5 × 10 sannan EXP, amsarka za ta kauce da ninki goma. Kuma ka riƙe wannan ma'aunin: foton na hasken da ido ke gani yana tsakanin 2.8 × 10⁻¹⁹ da 5.0 × 10⁻¹⁹ J. Duk amsar da ta fita daga nan, koma ka duba lissafinka.

Kada ka haɗa tsananin haske da kuzarin foton. Ka haska jan haske a kan tutiya komai tsananinsa, ilektaron ko ɗaya ba zai fita ba. Amma hasken da ya zarce shunayya, wanda ido ba ya gani, ko ɗan kaɗan ne zai fitar da su, domin foton ɗaya ne ke bugun ilektaron ɗaya, kuma sai kuzarinsa ya isa. Wannan shi ne bayanin Einstein na 1905.

Sai ita ƙwayar zarra. Thomson ya gano ilektaron a 1897. Rutherford a 1911 ya nuna cewa kusan duk nauyin zarra yana dunƙule a 'yar ƙaramar cibiya, bayan an harba ƙwayoyin alfa kan siririn fallen zinariya, yawancinsu suka wuce, ƙalilan suka dawo baya. Chadwick ya gano niyutaron a 1932. Yawan furoton ne ke faɗin ko wane sinadari ne, niyutaron nauyi kawai yake sauyawa. Shi ya sa kake ganin 35.5 a ƙarƙashin kulorin: wajen kashi 76 cikin ɗari mai nauyin 35 ne, wajen kashi 24 mai nauyin 37, sai aka ɗauki matsakaici. Babu zarra guda mai nauyin 35.5.

Yanzu ka nutsu, nan ne haske da zarra suke haɗuwa. A 1913 Niels Bohr ya ce ilektaron ba ya zama inda ya ga dama. Matakai gare shi kamar na tsani: ƙafarka tana kan wannan sanda ko kan waccan, babu tsayuwa a tsakani. Idan zafi ko lantarki ya ɗaga ilektaron sama, da zai sauko sai ya saki foton mai kuzari daidai da bambancin matakan biyu. A haidurojin kuzarin kowane mataki shi ne −2.18 × 10⁻¹⁸ J a raba da n², inda n yake lambar matakin. Gwada saukowa daga mataki na 3 zuwa na 2: ka cire 1/9 daga 1/4, ya ba ka 0.1389, ka ninka da 2.18 × 10⁻¹⁸, ka samu 3.03 × 10⁻¹⁹ J. Raba hc da wannan, sai ga nanomita 656, jan layin haidurojin ke nan. Daga 4, 5 da 6 zuwa 2 za ka samu 486, 434 da 410. Alamar ragi da ke fitowa idan ka ninka da −2.18 × 10⁻¹⁸ tana nuna kuzari ne ya fita, ka ajiye ta kafin ka nemo λ, domin babu zango mai alamar ragi. Ka kuma sani lissafin nan na zarra mai ilektaron ɗaya ne kaɗai, kada ka ɗora shi kan sodiyam.

Wannan ne asalin gwajin harshen wuta da za ku yi a aikace. Kowane sinadari tazarar matakansa daban, don haka launinsa daban: sodiyam rawaya, nanomita 589, litiyam ja wur, kalsiyam ja irin na bulo, potasiyam shunayya mai haske, jan ƙarfe kore mai sirkin shuɗi. Abin da ke ɓata gwajin kusan kullum sodiyam ne. Gumin yatsanka kaɗai ya isa ya rina wutar rawaya ya rufe launin potasiyam. Ka tsoma wayar a asid na haidurokulorik, ka ƙona ta, ka maimaita har sai ba ta ba da launi, sannan ka ɗebi samfurin, kuma kada ka taɓa bakin wayar da hannu. Idan rawaya ta ƙi tafiya, duba ta cikin shuɗin gilashin kobalt, yana tare rawayar. Wutar ma ta zama shuɗiya, a buɗe mata ƙofar iska. Ka sa tabarau na kariya, ban yarda ka yi wasa da asid ba.

Tsarin ilektaron kuwa: matakan nan sun kasu ƙananan sassa, s na ɗaukar ilektaron 2, p 6, d 10, kuma 4s yana cika kafin 3d. Biyu ne suka saɓa a matakinku, kuromiyam 3d⁵4s¹ da jan ƙarfe 3d¹⁰4s¹. Amma wajen cirewa daga 4s ake farawa, shi ya sa Fe²⁺ ya ƙare da 3d⁶. Kai ka rubuta 4s²3d⁴, a nan ma maki ya tafi.

Jadawalin sinadarai shi ne ka fi tsoro, alhali shi ya fi sauƙi. Mendeleev ya jera shi a 1869 har ya bar gurabe, aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886 suka shiga daidai. Moseley a 1913 ya nuna yawan furoton ne ainihin jerin. Kowace tambaya aka yi maka a kansa, tambayi kanka abu biyu: wane ƙarfi ne cibiya ke jan ilektaron na waje da shi bayan na ciki sun tare wani kaso, kuma a wane mataki na wajen yake? Sodiyam furoton 11 gare shi, ilektaron 10 na ciki suna tarewa, a ƙiyasi saura +1. Kulorin furoton 17, masu tarewa 10 ɗin dai, saura +7, kuma dukansu a mataki na uku suke. To wa zai fi matsewa? Kulorin. Shi ya sa girman zarra ke raguwa daga hagu zuwa dama, kuzarin cire ilektaron na farko kuma yake hawa: sodiyam 496, magniziyam 738, aluminiyam 578, silikon 786, fosforas 1012, farar wuta 1000, kulorin 1251, agon 1521, duk a kJ/mol, wato kilojul a kan kowane mol na zarra.

Ka lura wuri biyu lambar ta sauka, kuma nan malamai suke son tambaya. Aluminiyam ya gaza magniziyam domin ilektaron ɗinsa na ƙarshe yana 3p, wanda ya fi 3s tudu kuma 3s ɗin na tare masa jan cibiya. Farar wuta ta gaza fosforas domin ilektaron na huɗu a 3p dole ya shiga obital, wato mazaunin ilektaron, da wani yake ciki, suna ture juna, cire ɗaya ya yi sauƙi. Haka abin yake a layin sama: boron 801 ƙasa da beriliyam 899, oksijin 1314 ƙasa da naitirojin 1402.

Idan ka gangara cikin rukuni, ana ƙara mataki, na waje yana nisa da cibiya, zarra na girma, cirewa na sauƙi: litiyam 520, sodiyam 496, potasiyam 419. Dubi kuma kuzarin cire ilektaron na biyu a sodiyam, 4562, ya ninka na farko sau tara, domin an shiga cikakken mataki na ciki. Dalilin da ya sa Na⁺ ake samu ke nan, ba Na²⁺ ba. Idan aka ba ka jerin lambobi aka ce faɗi rukunin sinadarin, nemo inda aka yi babban tsalle, adadin da aka cire kafin tsallen shi ne yawan ilektaron na waje. O²⁻, F⁻, Na⁺ da Mg²⁺ kuwa kowanne ilektaron 10 gare shi, don haka mai furoton mafi yawa, Mg²⁺, shi ne ƙarami.

Kafin ƙarshen mako ina son ka lissafo mini zangon saukowa daga 4 zuwa 2, ka rubuta tsarin Cu²⁺, ka kuma bayyana da kalmominka me ya sa cire ilektaron na uku daga magniziyam ke cin 7733 alhali na biyu 1451 ne. Ka rubuta da hannunka, Yaya ta ɗauki hoto ta turo. Maganar barin ajin kimiyya kuma kada in sake jin ta. Ba don in yi maka gori ba, amma daren da nake kwana a tsaye saboda ku ne, kuma na san abin da ke cikin kanka. Duk gidan nan babu wanda ya kai ka saurin lissafi.

Inna, na dawo gare ki. Ki yi haƙuri da tsawon takardar. A riƙa karɓar wayar Auta da dare har sai ya gama aikin da na ba shi. Kuɗin malamin darasi Yaya ta kai da kanta, kada a ba Auta a hannu, kada kuma a ba Kawu ko da ya ce zai mayar. Idan maganin Baba ya kusa ƙarewa a sanar da ni da wuri, kada a ɓoye mini don gudun ɗora mini nauyi. Ina kewarku ƙwarai, ki ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe da Gwaggo da yaran Yaya.

Ɗanki.