Tunawa da Ed Bearss, Mai Kare Filayen Yaƙin Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mu tuna da Edwin Bearss, masanin tarihin yaƙi ɗan Amurka, wanda ya rasu ranar 15 ga Satumba, 2020, yana da shekara 97. Tsohon sojan kundunbala ne na ruwa. A Janairun 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, harsasan Jafanawa suka same shi a tsibirin New Britain da ke tekun Pasifik, ya shafe wata 26 a asibiti, hannunsa na hagu bai sake komawa daidai ba. Daga 1981 zuwa 1994 shi ne babban masanin tarihi na hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi ta Amurka.

Abin da ya tsaya a kai shi ne, fagen fama shaida ne. Takarda za ta gaya maka runduna ta kai hari ta sha kashi, amma sai ka taka wurin za ka ga kwarin da ya ɓoye ta da tudun da aka girke igwa. In aka baje tudun aka zuba kwalta, shaidar ta tafi. Shi ya sa har bayan ya haura shekara 90 yana zagayawa da jama'a a ƙafa, 'yar ƙaramar sanda a hammata, idanu a lumshe, yana ba da labari da murya mai amo kamar yaƙin ana cikinsa.

Aikin da ya fito da sunansa ya nuna yadda kyakkyawar niyya kan yi ɓarna. A 1956 shi da abokan aikinsa biyu suka gano jirgin yaƙi mai sulke, Cairo, wanda nakiya ta nutsar a kogin Yazoo na jihar Mississippi a Disambar 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ƙaramin kamfas suka ɗora a kwalekwale, suna lura da inda ƙarfen da ke ƙarƙashin ruwa zai karkatar da allurar. A 1964 aka zo ɗaga shi. Jirgin ya cika da laka, katakonsa ya sha ruwa shekara ɗari, sai igiyoyin ƙarfen da aka zura masa suka yanka cikinsa, dole aka fito da shi gida uku. Daga nan ya yi shekaru a wata tashar ƙera jirage yana ruɓewa, kafin a mai da shi garin Vicksburg, kusa da inda aka tsamo shi, a 1977. Katakon da ya daɗe a ruwa, in ba a tanadi yadda za a busar da shi sannu a hankali ba, tsagewa yake yi ya marmashe.

Jinkiri kuma tsada gare shi. A 1988 wani kamfani ya fara share eka kusan 550 a gefen filin yaƙin Manassas da ke jihar Virginia don gina katafariyar kasuwa, a inda Janar Lee, kwamandan sojojin Kudu a yaƙin basasar, ya kafa hedikwatarsa a 1862. Majalisar dokoki ta karɓe filin, amma sai da gwamnati ta biya diyya sama da dala miliyan 100. Wannan ne ya sa aka kafa kwamiti a 1990, wanda a 1993 ya tace arangama kusan 10,500 na yaƙin basasa ya ware filaye 384 mafiya muhimmanci, aka jera su bisa girman haɗarin da ke fuskantarsu.

Tsarin aikin kare filayen yaƙi a fili yake. A fara haɗa rahotannin kwamandoji da tsofaffin taswirori, a taka ƙasar, a shata iyaka biyu: wurin da aka gwabza, da kewayen da rundunoni suka bi suka iso. Sannan a bi filin layi-layi da na'urar gano ƙarfe, a rubuta daidai inda kowane harsashi ya fito. Wanda ya lotse an harba shi ne, wanda yake lafiya faɗuwa ya yi daga hannun soja, kuma da jerinsu ake gane inda sahu ya tsaya. Nan ne masu tonon kayan tarihi don sayarwa suke cutarwa ƙwarai, domin harsashin da ya shiga aljihu ya daina magana. Daga ƙarshe a sayi filin daga mai shi da yardarsa, ko a biya shi ya ci gaba da noma bisa sharaɗin ba za a yi gini ba. Ta wannan hanya ƙungiyar American Battlefield Trust ta tsare sama da eka 50,000, sau da yawa gwamnati na ba da dala ɗaya a kan kowace dala da jama'a suka tara.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu manazarta tarihin yaƙi